A jinginar da fadama a je a sa faifan ƙarfe a ƙashin baya?

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan yayana. Manomin shinkafa ne, ya ɗan haura shekara 40. Tun daminar bara yake fama da ciwon tsatso, daga baya ciwon ya gangaro ta ɗuwawu zuwa ƙafar hagu har babban yatsa. In zai yi tari ko atishawa sai ya dafa bango. An yi masa hoton maganaɗisu a Kano, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura, takardar ta ce faifan da ke tsakanin L4 da L5, wato gaɓa ta huɗu da ta biyar a ƙashin tsatso, ya ɓullo ya danne jijiya. To akwai wani mai haɗa wa mutane tafiya asibitin waje, ya ce a Indiya za a cire lalataccen faifan a sa masa na ƙarfe, ya dawo garau ya koma gona. Kuɗin da ya yanka ba za su samu ba sai an jinginar da gonar fadama. Gida ya rabu biyu, Inna na cewa lafiya ta fi gona, matarsa na cewa in gonar ta tafi me yara za su ci. Don Allah wanda ya san wannan aiki ya yi mana bayani.

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma ni dai kada ku bari a taɓa masa baya da wuƙa. Baya ba wurin wasa ba ne, mutum nawa aka shiga da su da ƙafarsu aka fito da su a keke? Ku kai shi wurin maɗori ya ja shi, a yi masa ƙaho, ya sha sassaƙe. Iyayenmu da suka yi noma har tsufa wane ƙarfe aka sa musu?

Maman Sadiƙ: Baban Walida, da girmanka, iyayen namu ai da yawansu a duƙe suka ƙarasa rayuwa, ba a dai kirga su ba ne. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Ringim, kuma ina ganin waɗanda aka ja musu baya suka zo ƙafa ta ƙara mutuwa. Maɗori gwani ne a karaya da targaɗe, wannan ba mai musu. Jijiyar da aka danne a cikin ƙashin baya kuwa ba ya ganinta, ba ya taɓa ta. Ɗan Auyo, kafin a je ko'ina ina da tambaya. Yana zazzaɓin yamma? Yana gumi da dare har ya jiƙa shimfiɗa? Ya rame? Akwai mai tsohon tari a gidan?

Ɗan Auyo: A'a Anti, babu ko ɗaya. Cin abincinsa ma lafiya lau, sai dai rashin barci saboda ƙafar.

Maman Sadiƙ: Alhamdu lillahi. Na tambaya ne saboda a ƙauyukanmu tarin fuka na kama ƙashin baya, ya cinye shi a hankali har mutum ya yi doro, kuma ba lallai ne ya yi tari ko sau ɗaya ba. Irin wannan magani ake sha na wata 12, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Akwai kuma cutar nan mai sa shanu ɓari, wadda Fulani ke kira bakkale, ana ɗaukarta ta ɗanyen nono ko wajen karɓar haihuwar dabba, ita ma tana sauka a baya. Duk wanda ke da ɗaya daga cikin biyun nan, in aka sa masa faifan ƙarfe a wurin an ƙara masa wahala ne. Tunda an yi hoto kuma ba a ambaci wannan ba, da sauƙi.

Injiniya Kazaure: Ni ina ganin ana neman tsorata bawan Allah ne a banza. Wannan aikin ba gwaji ba ne, ya daɗe. Tun wajen 1960 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Ulf Fernström, ya riƙa cire faifan yana sa ƙwallon ƙarfe a gurbinsa. Bai yi kyau ba, don ƙwallon kan nutse cikin ƙashi, nauyin jiki duka ya taru a wuri ɗaya. Daga nan aka gane sai an yi abu mai faɗi. A farkon shekarun 1980 a asibitin Charité da ke Barlin ta Gabas, likitoci biyu, Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz, suka ƙera wanda ya zama uban na yanzu, aka fara sa wa mutum a 1984. Abin da ya burge ni, ita matar kafin ta zama likita 'yar wasan alkafura da lanƙwasa jiki ce, ta ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 1972 a Jamus. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da faifan Charité a 2004, ta amince da ProDisc-L, wanda wani likitan Faransa Thierry Marnay ya ƙirƙiro, a 2006, sannan activL a 2015. Yadda abin yake, faranti biyu ne na ƙarfe, haɗin kobal da kuromiyam, ɗaya ya kama ƙashin sama ɗaya na ƙasa, a tsakiya a sa wata roba mai taurin gaske da suke zamewa a kanta. Bayan farantin ana shafa masa titaniyam mai kaushi don ƙashi ya tsiro ya riƙe shi. Mutum zai iya sunkuyawa, ya miƙe, ya juya. Ku kwatanta da tsohon aiki na haɗe ƙashi biyu da kusoshi su zama ɗaya, wurin ya sandare har abada. Manomi da sandararren baya ina amfaninsa?

Kawu Direba: Injiniya, sannu da ƙoƙari, amma ka taɓo ni. Ni aka yi wa wannan haɗin da kake rainawa, ƙashi biyu na ƙasa, bayan na gama cin ƙaniyar bayana a kan tirela tsakanin Maigatari da Legas. Yanzu haka ina ruku'u ina sujada, ina ɗaura takalmi da kaina. Likitan ya ce mini yawancin sunkuyon mutum daga kwankwaso yake, ba daga gaɓa ɗaya ta baya ba. Abin da na rasa shi ne doguwar tafiya a mota, sai na riƙa tsayawa ina miƙe ƙafa. Sigari ma dole ta sa na bari, don ya ce hayaƙi na hana ƙashin haɗuwa.

Injiniya Kazaure: Allah ya ƙara lafiya Kawu, ban raina ba. Amma ai an san in aka sandarar da gaɓa ɗaya, ta sama da ta ƙasa su ke ɗaukar aikinta, su ma su gaji da wuri. Dalilin ƙirƙiro faifan ke nan.

Likitan Ƙashi: Salamu alaikum. An turo mini wannan zancen ne aka ce in leƙo. Ni ɗan ƙasar Gumel ne, ina aikin ƙashi. Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma akwai abin da ya kamata a warware, don ana haɗa cuta biyu wuri ɗaya.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a tsatso, sai na ƙasa da suka manne da juna. A tsakaninsu akwai faifai 23. Aikin faifai shi ne aikin gammo tsakanin kai da kaya, ya karɓi nauyi ya raba shi. Gefensa zare-zare ne masu ƙarfi, cikinsa kuma abu ne mai laushi da ruwa-ruwa. In gefen ya tsage, na cikin ya ɓullo ya taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa, sai mutum ya ji ciwon a ƙafa fiye da baya, tari ya tsananta shi. Wannan cuta ɗaya ke nan, kuma abin da Ɗan Auyo ya kwatanta ya fi kama da ita. Ta biyu ita ce faifan ya bushe ya lotse gaba ɗaya, ciwon ya tsaya a tsatso, zama ya gagara, shekara da shekaru.

Faifan ƙarfe na tsatso don ta biyun aka yi shi. Ta farko, mafi yawan masu ita suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba, don jiki da kansa yakan tsotse abin da ya ɓullo. Wanda nasa ya ƙi, ya daɗe kamar na yayanka, aikin da aka saba yi masa ƙarami ne: a ɗan tsaga ta baya, a cire guntun da ya danne jijiyar kawai, a bar sauran faifan a wurinsa. Ba a sa ƙarfe ko ɗaya. Tun 1934 likitoci biyu a Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wannan, kuma ana yin sa a ƙasar nan. Saboda haka tambayar da zan yi wa mai haɗa tafiyar ita ce, wane likita ne ya duba mara lafiyar ya ce faifan ƙarfe yake buƙata? Ko takardar hoto kawai aka tura ta waya?

Ɗan Auyo: Ranka ya daɗe, takardar ce kawai muka ɗauka a waya muka tura masa. Washegari ya turo da lissafin kuɗi da sunan aikin.

Likitan Ƙashi: To ka gani. Hoto ba ya jin ciwo. An tattara binciken da aka yi a kan mutanen da ba sa jin komai a bayansu aka wallafa a 2015, aka samu kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 hotonsu na nuna faifai ya fara lalacewa, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Lafiyayyu fa. In ka kwashi 'yan dako goma a Dawanau ka yi musu hoton nan za ka sha mamaki, alhali suna can suna sauke buhu. Sai an haɗa hoton da abin da likita ya gani da hannunsa: ƙarfin yatsa, inda fata ta mutu, yadda ƙafa ke amsawa in an ɗaga ta.

Baban Walida: Ai ga shi nan, likita da bakinsa ya ce jiki na warkar da kansa. Maganata ta fito.

Likitan Ƙashi: Rabinta ta fito, Baba. Jira da motsa jiki daban, a sa ƙarti su ja mutum ko a taka masa baya daban. Kuma akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. In fitsari ya riƙe ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida na kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu har mutum bai jin ruwa in yana tsarki, ko ƙafa na ƙara rauni yana jan ta, wannan a ɗauke shi zuwa babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin ƙasa ne gaba ɗaya aka shaƙe, kuma in aka makara sau da yawa ba sa dawowa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai bari in faɗi nawa, don kar a ce abin duk sharri ne. An sa mini wannan faifan, amma a wuya, a Masar. Hannuna na dama ne ya riƙa mutuwa, in na ɗauki kofi sai ya suɓuce, ga wani raɗaɗi daga kafaɗa har yatsu. Na sha magani na yi gashi, ba sauƙi. Ta gaban wuya suka shiga, tabon ma ya ɓata a cikin layin wuya. Na farka ciwon hannun babu. Abin da na sha fama da shi haɗiya ce, da dishewar murya na ɗan lokaci. Yanzu ina waiwaye yadda nake so. Don haka Ɗan Auyo kar a rufe maka ƙofa.

Injiniya Kazaure: Yawwa Hajiya! Ga shaida daga wadda ta gani a jikinta.

Likitan Ƙashi: Allah ya ƙara afuwa Hajiya. Abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma na wuya ya fi na tsatso karɓuwa a wurin likitoci. Amurka ta amince da faifan wuya na Prestige da ProDisc-C a 2007, Mobi-C kuma a 2013 har na gaɓa biyu, kuma da aka bi marasa lafiya shekaru an ga sakamakonsa bai gaza na haɗe ƙashi ba, a wasu binciken ma waɗanda aka sake yi wa aiki sun fi ƙaranci. Amma wuya kai kawai yake ɗauke da shi. Tsatso kuwa rabin jiki ne a kansa, da duk abin da mutum ya sungume.

Hanyar shiga ma ba ɗaya ba ce. Na tsatso ba ta baya ake sa shi ba, ta ciki ake bi. A tsaga ƙasan cibiya, a kawar da hanji gefe, a janye manyan hanyoyin jinin da ke sauka ƙafafu, don suna kwance ne a kan ƙashin daidai wurin. Shi ya sa sau da yawa sai da likitan hanyoyin jini a ɗakin. Akwai kuma wata magana da ba a cika gaya wa maza ba, ku gafarce ni iyaye mata da ke zauren. Wasu siraran jijiyoyi na wucewa ta gaban ƙashin, in aka taɓa su namiji na iya zama yana kusantar iyali lafiya amma maniyyi ya koma mafitsara maimakon ya fito. Ba kowa ke samun haka ba, kaɗan ne, wani kuma yakan warware, amma mai son ƙarin haihuwa haƙƙinsa ne ya sani kafin ya sa hannu.

Sannan ba kowane baya ke karɓarsa ba. Ƙa'idar da aka gindaya ita ce a yi aƙalla wata 6 ana magani da gashi bai yi ba. Kada ƙashi ya zama ya yi laushi, don farantin zai nutse. Kada ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin su zama sun cinye, don in su ne ke ciwo, ka sa faifai mai motsi ka ƙara musu aiki. Kada wata gaɓa ta zame kan 'yar'uwarta, kada baya ya karkace, kada a samu ƙwayar cuta. In aka tace da wannan, cikin masu zuwa da ciwon baya kaɗan ne ke saura.

Malama Mai Gashi: Likita ya gama magana, ni ɓangarena zan ƙara. Ina aikin gashin ƙashi, kuma kalmar nan "an yi gashi bai yi ba" tana ba ni haushi. Sai ka tambaya ka ji ashe sau biyu aka haska wa mutum fitila mai zafi aka shafa masa man zafi, shi ke nan. Wannan ba shi ne ba. Aikin shi ne a koya maka motsin da ke janye ciwon daga ƙafa ya koma baya, a ƙarfafa naman ciki da na ƙugu, a gyara yadda kake ɗaga kaya, ka durƙusa da gwiwa kayan na manne da jikinka, ba ka sunkuya ka fizgo kana murɗawa ba. Kuma a gida ake yin yawancinsa, kullum. Kwanciya ta kwana da kwanaki ƙara lalata baya take yi. Ɗan Auyo, yayanka ya taɓa yin wannan na wata biyu ko uku a jere?

Ɗan Auyo: Gaskiya a'a. Allura ake masa a kemis, sai haɗin ƙwayoyi da yake sha safe da dare. In ya sha yakan iya zuwa gona.

Maman Sadiƙ: Inna lillahi. Wannan haɗin shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk zancen nan. Ka je ka karanta abin da ke ciki. Galibi za ka samu diklofenak ko ibuprofen, da wata ƙaramar ƙwaya deksametason ko firedinisolon, wani lokaci har da taramadol. Na farkon suna cin ciki suna kashe ƙoda in an daɗe ana sha, ballantana mutum na aiki cikin rana bai shan ruwa sosai, kuma ku mutanen ƙasar Haɗeja kun fi kowa sanin yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin. Ƙaramar kuma tana kumbura fuska, ta tayar da suga, ta rage wa ƙashi ƙarfi, wato tana ɓata ƙashin da ake son a dasa ƙarfen a kai. Amma kar ya yanke ta rana ɗaya in ya daɗe a kanta, a hankali ake janyewa, likita zai tsara masa. A duba masa ƙoda da hawan jini.

Injiniya Kazaure: Duk na ji. Amma ina da ƙorafi ɗaya. Kullum in sabon abu ya zo sai a ce ba namu ba ne, mu talakawan ƙauye mu yi haƙuri da tsoho. In ɗan kasuwar Kantin Kwari ne ai ba za a ce masa ya je ya yi motsa jiki ba. Me ya sa manomi ba zai samu mafi kyau ba?

Malama Mai Gashi: Wallahi shi ma haka za a ce masa in likitan na da amana. Masu kuɗi ai su aka fi yi wa aikin da ba sa buƙata.

Likitan Ƙashi: Injiniya, ƙorafinka na da tushe, ni ma ina jin zafin yadda komai sai an tafi birni. Amma duba abin da ke biyo bayan aikin. Faifan nan abu ne mai motsi, kuma kai ka fi ni sanin duk abin da ke gogayya yana cinyewa. Robar kan saki ɓurɓushi, jiki ya yi faɗa da shi har ƙashin gefen ya zaizaye. Farantin kan iya nutsewa ko ya gusa. Wani lokaci ƙashi ya tsiro ya zagaye shi ya daina motsin gaba ɗaya, ka biya kuɗin motsi ka tashi da haɗi. Saboda haka ana son a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci har tsawon rai. In kuma ya zama dole a cire shi, komawa ta cikin nan karo na biyu aiki ne mai hatsarin gaske, don tabo ya riga ya manne hanyoyin jinin da wurin. Mutumin da ke Auyo, wanda ya sa masa yana wata nahiya, gona ta riga ta tafi, wa zai kama? Na sha ganin waɗanda suka dawo daga waje ba su san ko sunan abin da ke jikinsu ba, ba takardar aiki, lambar da aka ba su kuma ta daina shiga.

Ga kuma irin aikinsa. Dashen shinkafa a sunkuye ake yi wuni guda, ga ɗaukar buhu, ga jan injin ban ruwa, ga babur a kan hanyar burji. Ba wani likitan kirki da zai yi maka alkawarin cewa bayan kowane irin aikin baya za ka koma wannan kamar da. Wanda ya ce "garau" ciniki yake yi.

Kawu Direba: Wannan haka yake. Ni dai tirela sai dai in gani a hanya. Yaro na sa a kan motar, ni ina lissafi.

Baban Walida: To ni tambayata, mutum ya mutu da ƙarfe a jikinsa, ya za a yi da shi? Kuma sallarsa fa?

Malam Na Tsangaya: Baban Walida, abin da aka sa don magani ba ya hana salla ba ya hana wanka, kuma ba a tsaga mamaci don a ciro shi, ana binne shi da abinsa, don alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Wanda bai iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda bai iya zama ya yi a kishingiɗe, wannan sananne ne. Abin da zan ja hankali a kai shi ne jinginar gona. In ta gado ce da ba a raba ba, ba mai ikon jinginar da ita sai da yardar duk magada, har mata. Kuma irin jinginar da mai kuɗi ke noma gonar yana cin amfaninta har sai an biya shi, malamai da yawa sun ƙi ta, don bashi ne ya jawo riba. A nemi wata hanya in ma tafiyar ta zama dole.

Ɗan Auyo: Allah ya saka da alheri Malam, ta gado ce kuwa, kuma ƙannenmu mata biyu ba a ma tambaye su ba. Likita, yanzu ina za mu nufa?

Likitan Ƙashi: Ku samu takardar turawa daga babban asibitin da ke kusa da ku zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wurin likitocin ƙwaƙwalwa da laka. A Jigawa kuna iya farawa da Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu su duba shi su tura ku. Ku tafi da hoton kansa, ba takardar bayanin kaɗai ba, da duk ƙwayoyin da yake sha a leda. Ku tambayi likitan abu uku: me ke jawo ciwon, me zai faru in ba a yi aiki ba, kuma in za a yi, wane iri ne mafi ƙanƙanta da zai wadatar. In ya ce aiki, ba laifi ku ji ta bakin likita na biyu. In har bayan duk wannan aka ce shi ɗin mai faifan ƙarfe ne, to a lokacin sai a yi zancen inda za a yi da wanda zai riƙa duba shi bayan an dawo.

Hajiya Mai Atamfa: In ƙara masa da wannan, duk wanda za a sa wa, ya karɓi katin da ke ɗauke da sunan faifan da lambarsa da girmansa, da takardar bayanin aikin da Turanci. Ni sai da na tsaya a kan nawa kafin su ba ni. Na ɗauke shi a waya, na ba 'yata kwafi.

Injiniya Kazaure: Ban sauka daga ra'ayina ba cewa fasahar na da kyau, kuma ina fatan ranar da za a riƙa yin ta a Dutse. Amma na yarda ba dillali ne zai zaɓa wa mutum ba.

Auta Na Gujungu: Don Allah tambaya, kar a yi mini dariya. An ce mai ƙarfe a jiki tsawa na bin sa da damina, kuma ba ya shiga na'urar hoton nan mai maganaɗisu. Kakata akwai ƙarfe a cinyarta, in hadari ya taso har ɗaki muke kulle ta.

Kawu Direba: Auta, damina nawa na yi da kusoshi a baya, ko walƙiya ba ta taɓa gaishe ni ba. Ku buɗe wa tsohuwa ƙofa ta sha iska.

Likitan Ƙashi: Tsawa ba ruwanta da ƙarfen da ke cikin jiki, abin da ya fi tsayi a fili take nema, don haka a guji tsayawa a tsakiyar gona ko gindin bishiya in ana walƙiya, da mai ƙarfe da marar shi. Na'urar hoto kuma, yawancin ƙarafan da ake sa wa yanzu ana shiga da su bisa sharuɗɗa, sai dai hoton kan dushe a daidai wurin ƙarfen. A gaya wa mai ɗaukar hoton tun kafin a shiga, a nuna masa katin, shi zai duba ko irin nata ya halatta. In tsohon ƙarfe ne da ba a san irinsa ba, sai a fara yin hoton ƙashi na yau da kullum a gani.